Wataƙila Ya Ce

Sun rushe gidan da muka fara zama a unguwar Hay el-Sabi'. 'Yata ce ta bi ta wajen a mota, ta ɗauko mini hoton a waya: tulin ƙasa da karyayyun rodi, sai wani allo mai zanen dogon benen da za a gina a wurin. Na riƙe wayar ina ta karkata ta kamar zan leƙa bayan hoton, har ta ce, "Mama, ba fa ya juyawa." Na miƙa mata abarta. Ba ginin nake wa kuka ba, don ko a zamaninmu ba wani abin a zo a gani ba ne, matakala duhu, famfo kuwa sai ranar da ya ga dama yake kawo ruwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a hawa na huɗu na gidan nan akwai ɗakin da na faɗi wata magana, kuma muddin ɗakin yana tsaye ina jin kamar wata rana zan hau in gyara ta. Yanzu ko matakalar ma babu.

Na zo Alƙahira da ƙuruciyata, bin miji. Malam ya riga ni da shekara biyu, yana karatun fiƙihu a jami'ar addini, sannan ya aika aka kawo ni. A lokacin rairayi ya fi gidaje yawa a unguwar, in ka tsaya a baranda kana hango inda gari ya ƙare. Da kunne na fara sanin garin kafin in san shi da ƙafa. Mai tukunyar gas zai wuce a kan keke yana ƙwanƙwasa ƙarfe da sifana, ƙwal-ƙwal-ƙwal, har cikin haƙoranka. Bayansa mai sayen tsofaffin kaya, yana jan kalma guda da tsayi kamar wanda aka taka wa ƙafa. Ba na sauka sayen burodi, kwando nake zurawa da igiya daga baranda yadda na ga matan Masar suna yi, a sa mini da zafinsa in janyo. Ranar farko na saki igiyar gaba ɗaya, kwandon ya faɗa wa mai burodi a ka, ya ɗaga kai yana ta zuba Larabci, ni kuma ina ta ce masa sannu da Hausa. In lokacin salla ya yi masallatai ba sa farawa tare, wannan ya ɗauka, wancan ya biyo, har sai sama ta cika. Yanzu ina Ard al-Liwa wurin 'yata, abin da nake ji yini guda hon ɗin tuktuk ne, adaidaita sahun garin nan, da kiɗan da suke saki. Burodi kuwa a waya ake kiransa, a kawo maka a leda ya huce.

Aiki ba ya ƙarewa a ɗakin nan, ko da yake ɗaya ne da ɗan kicin. Wanki a baho, tsintar shinkafa a faranti, yanka kuɓewa in baza a kan jarida ta bushe. Ran Juma'a abokan karatun Malam sukan taru, in tuƙa tuwon shinkafa, in fito da daddawar da nake ɓoyewa a gwangwanin madara, don sai wani ya zo daga gida ake samunta. Shi matafiyin nan shi ke kawo kuka da yaji, shi ke kawo kaset. Lokacinmu ba a ganin fuskar uwa a waya, gaban rediyo ake zama a ɗauki gaisuwa tun daga kan tsofaffi har jariran gida, a ba mai tafiya. Kaset ɗin Inna, mahaifiyar Malam, kullum iri ɗaya ne. Ana jin kaji a bayanta, ana jin wani yana ce mata ta matso kusa, sai ta yi gyaran murya ta ce, "Ɗan nan, karatun ba ya ƙarewa ne? Ka zo in gan ka da idona." Malam yakan saurara kansa a ƙasa, ya mayar baya, ya sake saurara. Shi kaɗai ne namiji a ɗakinta. Da na haihu sunanta aka sa wa yarinyar, shi ya sa har yau Ummi muke kiranta.

Malam mutum ne mai auna magana, har abin yakan ba ni haushi. Bai yi boko ba ko na rana ɗaya, daga allo ya wuce zaure, daga zaure ya wuce Masar, kuma karatunsa duk na rarrabe abubuwa ne: wannan wajibi ne, wannan mustahabbi, an so a yi amma ba dole ba, wannan yaƙini ne, wannan zato, wannan shakka. Bai bar abin a aji ba, har gida ya kawo mana. In na ce, "Malam, gas ya kusa ƙarewa," sai ya ɗago daga littafi ya ce, "Yaƙini gare ki ko zato?" In ce, "In an wuni ba a ɗora tukunya ba ka ga yaƙini." Ya yi ta dariya har hularsa ta karkace. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ban taɓa ganin ya motsa ƙafa a kan maganar da mai ita bai tsaya a kanta ba.

Wadda ta riƙe ni a garin nan wata tsohuwa ce da kowa ke kira Goggo, Bahaushiyar Sudan, kakanninta sun taso daga ƙasarmu da niyyar hajji a ƙafa suka tsaya a hanya. Ta yi shekaru tana girki a gidajen Turawa a Zamalek. Da ƙafa ta fara ba ta matsala, tallafin karatun Malam kuma ba ya isarmu, sai ta nema mini gurbinta a gidan wata Baturiyar Ingila, ita kuma ta riƙa zama da Ummi. Malam ya kwana uku yana juya maganar a littattafansa kafin ya yarda. Na yi firamare a gida, ina da ɗan Turancin zo da tafi, da shi na shiga.

A makon farko Madam ta tsaya a falo ta dubi labule, ta ce da Turancinta mai laushi, "Ina ta tunani, ko wataƙila za mu ɗan duba labulen nan wani lokaci, in ba damuwa." Na ce to. A raina na ce, mace tana tunani, ai sai a bar ta ta gama tunaninta. Kwana shida labule yana rataye. A na bakwai ta daina yi mini murmushi, ta hau kujera da kanta tana cire shi. Na dawo na ba Goggo labari ina mamaki, ta yi dariya har da tari.

"Ya bitti, 'yar nan, ke wawiya ce? Umarni ta ba ki! Mutanen nan ba sa miƙa wa mutum dutse tsirara, sai sun naɗe shi a auduga. Ki daina kallon audugar, ki ji nauyin abin a hannunki. In kuma kika ga audugar ta yi yawa, to wallahi dutsen babba ne."

Daga nan na buɗe kunne, na kuwa iya. In Madam ta ɗanɗani miya ta ce, "Da ban sha'awa," to ba za a sake dafa ta ba. In ta ce wa mijinta, "Ban tabbata na yarda gaba ɗaya ba," to ko kaɗan ba ta yarda ba, kuma shiru za a ci abinci ranar. In ta fara da "Ina jin tsoro," ba tsoron komai take ji ba, mummunan labari ne zai biyo. "Zan iya yin kuskure" kuwa ba ta faɗinsa sai a inda ta fi kowa tabbas. Ba ƙarya suke yi ba, ba kuma wayo ba ne. A wurinsu rashin ladabi ne ka danna wa mutum ra'ayinka da ƙarfi, sai ka yi kamar ka bar masa hanya, ko da kai da shi kun san babu. Mu ma ai muna da namu. Mai jinya yana kan gargara a tambaye shi jiki ya ce da sauƙi. Likita a gida in ya ce a mai da mutum gida a ci gaba da addu'a, ba wanda zai tambaye shi me yake nufi. Sai dai kowa nasa ya sani. Nakan kawo wa Malam irin maganganun Madam da yamma don mu yi dariya, shi kuwa sai ya girgiza kai ya ce, "Mutanen nan ba abin da suka tabbatar ne a duniya?" In ce, "Sun fi ka tabbatarwa, Malam, faɗi ne ba sa yi." Ina ji da kaina a lokacin, ina ganin na san abin da mai manyan littattafai bai sani ba.

A shekararsa ta ƙarshe ciwon ya fara. Ya rage cin abinci, wando ya fara zame masa, yana dafe gefen cikinsa na dama in ya daɗe a zaune. Muka ce wahalar karatu ce, don saura wata huɗu jarrabawar ƙarshe, wadda ya bar uwa da gari saboda ita. Da farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, Madam ta ga fuskata ta tambaye ni, ta haɗa mu da likitansu, wani dattijon Bature mai ɗan asibiti a nan Zamalek. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, aka ce mu dawo bayan mako. Muka koma da hantsi. Larabcin likitan na kasuwa ne, Malam kuma ba ya jin Turanci, don haka ni ce a tsakiya.

Likitan ya sa aka kawo mana shayi. Tun daga nan gabana ya faɗi, don zuwan farko ba a ba mu shayi ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "Ina jin tsoro hoton bai fito yadda muka so ba. Akwai ɗan wani abu a hanta da ban cika jin daɗinsa ba. Zan iya yin kuskure, amma ban tabbata aiki zai taimaka sosai ba yanzu. Da ni ne, wataƙila da na fara tunanin zama kusa da dangi. Mai yiwuwa kuma gara da wuri." Yana maganar ni yake kallo, ba Malam ba, kallon mai roƙon a fahimce shi. Na kuwa fahimce shi. Ban taɓa jin auduga mai yawan wannan ba. Na ajiye kofin. Malam ya ce, "Me ya ce?" Na ce, "Mu je gida, maganar da tsawo."

Bayan la'asar Malam ya zauna a kan dardumarsa, ya jingina da bango, ya ce in zauna. Ya ce, "Ki ba ni lafazinsa yadda ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Kada ki ba ni fahimtarki tukuna." Haka aka koya musu karɓar magana, daga bakin mai ita, kalma bayan kalma. Na ba shi, ban rage ko ɗaya ba. Yana ji yana lanƙwasa yatsu.

"Ya ce zai iya yin kuskure. Ya ce bai tabbata ba. Ya ce wataƙila. Ya ce mai yiwuwa." Ya dubi yatsun nan huɗu. "Wannan ai ba hukunci ba ne, shawarar mai shakka ce. Jarrabawa kuwa ranarta a rubuce take. In na tafi yanzu shekarun nan duk sun zube, in je wa Inna hannu rabbana. Ba zan saki abin da na tabbatar saboda zaton wani ba." Can ya juyo ya dube ni sosai. "Amma ke kika san mutanen nan. Tafiyar da ya ambata, wajibi yake nufi ko mustahabbi?"

Mai gas yana wucewa a ƙasa, ina jin ƙarfensa. Amsar tana bakina, kalma ɗaya ce. Na dubi wuyansa da ya rame, na dubi littattafan da ke jibge a gefensa. Na ji kamar in na faɗa, bakina ne zai sa abin ya tabbata. Wace ce ni da zan dubi mijina in ce masa kwanansa ya ƙare, ni da ban san gaibu ba? Kuma can ƙasan raina ni ma ina so a ce Baturen da gaske yake bai tabbata ba. Sai na ce, "Wataƙila ya ce, Malam."

Ya sauke ajiyar zuciya, fuskarsa ta saki. "Alhamdu lillahi. Khalas, shi ke nan, mu gama abin da ya kawo mu, sai mu tafi gaba ɗaya." Ya janyo littafi. Na tashi na shiga kicin na murɗa famfo. Ranar ya ga dama, ya kawo ruwa da ƙarfi, na bar shi yana zuba a baho don kada a ji kukana.

Da na je ɗauko Ummi na maimaita wa Goggo maganar likita. Tana gyaran wake, hannunta ya tsaya. Ta ce, "Kin gaya masa nauyin?" Na ce lafazi ya nema. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Lafazi. To, Allah ya sa Baturen ya yi kuskuren da ya ce." Ita ma ba ta je ta gaya masa ba, ta ce ba huruminta ba ne. Madam ta tambaye ni ko mun fara shirin tafiya, na ce sai bayan jarrabawa. Ta taɓa kafaɗata ta ce, "Ban tabbata hakan ya fi ba," ta shige ɗaki. Abokansa na Juma'a suna ganin yadda yake ƙarewa, su ce, "Jiki ya yi kyau, Malam." Duk mun sani, shi kaɗai ne yake zaune a tsakiyarmu yana haddace babi. Kullum in na tashi sai in ce yau zan faɗa. In kai masa koko, in gan shi ya duƙufa, in ce bari ya gama wannan shafin. Har kaset ya ɗauka wa Inna, ni ke riƙe da rediyon. Ya ce, "Inna, saura kaɗan. Ki sa a gyara mini ɗakina."

Lokacin da abin ya zama yaƙini irin wanda Malam yake yarda da shi, ba ya iya sauka daga hawa na huɗu, balle hawa jirgi. Abokansa suka yi ta zirga-zirga, aka ce ba za a ɗauki mai jiki irin wannan ba. Wata safiya ina goge masa fuska da tsumma, ya buɗe ido ya yi ɗan murmushi, irin wanda yake yi in ya gano amsar mas'ala mai wuya. Ya ce, "Ashe wajibi mutumin nan yake nufi." Na kasa ɗago kai. Ya ce, "Ma'alish, ba komai. Ba laifinki ba ne, ni na ce ki ba ni lafazi." Ko ya manta tambayarsa ta biyu ne, ko kuwa tausayina ya ji, har yau ban sani ba. Ya rasu saura 'yan makonni jarrabawa, aka binne shi a nan, cikin rairayin bayan gari. Bayan kwana goma wani ɗalibi ya sauka daga gida da daddawa da kaset ɗin da aka ɗauka kafin labari ya isa. Kaji suna kuka a bayanta, Inna tana cewa an yi wa ɗakin sabon daɓe.

Ban koma gida ba. Mutane sun ɗauka neman abinci ne ya riƙe ni, ko karatun Ummi. Gaskiyar ita ce ban san da wane ido zan dubi tsohuwar nan ba. Watannin da Malam ya yi a ɗakin nan yana haddace babi nata ne, ni na hana ta. Da na faɗi kalma ɗaya da ta gan shi da idonta kamar yadda ta roƙa, da ta shafa kansa, da ƙasar garinsu ce ta rufe shi. Duk shekara sai ta aiko a kawo mata takwararta ta gani, ni kuma in aika cewa wataƙila baɗi, muna dai dubawa. Na zama gwanar abin da na koya a Zamalek. Har ta rasu ba ta ga jikarta ba. Goggo ta ɗauke mu muka koma wurinta, ita ma a hannuna ta cika. Madam ta koma ƙasarsu, ta aiko kati sau biyu, shi ke nan.

Ɗaliban yanzu ba su san wannan zaman ba, ba na kuma yi musu fatansa. Suna tafe a titi suna magana da iyayensu fuska da fuska a waya. Hausarsu rabi Larabci rabi Turanci, kuma na lura har laushin bakin Turawan sun ɗauko. Su zo gaishe ni, in tambaya ko abinci ya yi, a ce mini, "Ina ganin kamar dai ba laifi." Kai, ya yi ko bai yi ba? Ummi ta fi su duka. Tafinta ce a wani ofishi da ke taimakon 'yan gudun hijira, yini take tana juya maganar Turawa zuwa Hausa da Larabci, ta dawo gida da murya irin ta Madam. Ban taɓa ba ta labarin ɗakin hawa na huɗu ba. Ta san babanta ya rasu yana ɗalibi, ta san na yi aiki gidan Turawa, amma a ganinta Turancina na kicin ne, na kawo shayi da kwashe faranti, kuma ya daɗe da yin tsatsa.

Kwana uku bayan ta nuna mini hoton rusasshen gidan, muka je karɓar sakamakon gwajin da aka yi mini, don na daɗe ina fama da wani ciwo a ciki. Likitan matashi ne ɗan Masar, mai fara'a. Ya gaishe ni da Larabci, ya ce, "Tamam, ya Hajja, tamam," wato komai lafiya. Sannan ya juya wurin Ummi ya koma Turanci, yadda suke yi in ba sa so tsohuwa ta ji. Ya ce yana jin tsoro sakamakon bai zo yadda aka so ba. Ya ce zai iya yin kuskure, amma bai tabbata ƙarin magani zai canza wani abu sosai ba. Ya ce in akwai dangin da za su so ganina, mai yiwuwa gara da wuri. Ina zaune ina kallon bango kamar ba da ni ake ba. Shekaru nawa, gidaje sun rushe, mutane sun ƙare, amma maganar nan ko kalma ɗaya ba ta tsufa ba. Ummi ta karɓi takardun ta yi godiya, muka fito.

Da muka iso gida na zauna a baranda, rana ta yi sanyi, tuktuk suna ta hon a ƙasa. Ba mutuwar ce ta tsorata ni ba, wadda ta kai shekaruna ta san tana kan hanya. Ni kuma ba ni da Innar da ke jirana, ba ɗakin da aka yi wa daɓe. Waɗanda suka san ni a gida duk sun riga ni, Malam kuma yana nan bayan gari. Yarinyar nake ji. Na san abin da ke bakinta, na san nauyinsa, na san shekara nawa mutum ke yi yana dakonsa. Na yi niyyar in ce mata, Ummi, na ji komai, ba sai kin ɓoye ba. Na yi niyyar in ba ta labarin babanta tun daga kan labule. Amma da ta fito ta durƙusa tana gyara mini matashi a baya, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Me ya ce?"

Ba ta dube ni ba. "Ba wani abu ba ne sosai, Mama. Ya ce bai tabbata ba tukuna. Wataƙila dai ki riƙa hutawa."

"Wataƙila ya ce?"

"Eh, Mama. Wataƙila."

Ta ɗago ido sau ɗaya, na ga roƙona take in karɓa. Na ce, "To, alhamdu lillahi."

Ta ce bari ta dafa mini shayi, ta shige kicin da sauri. Na ji ta murɗa famfo har ƙarshe, ruwa yana dukan tukunya da ƙarfi, ya wuce na shayin mutum biyu. Na dafa kujera zan tashi in same ta, sai na fasa. Na zauna a nan ina jin ruwan yana ta zuba.